Ɗanyen konbif na leda: naman da ba a yi masa gaggawa

Wanda ya san konbif a gwangwani, niƙaƙƙen nan da ake kwaɓa wa ƙwai ko a zuba a taliya, zai sha mamaki ranar da ya fara ɗaga na leda. Wannan guntun ƙirjin sa ne sukutum, ɗanye, laba 3 zuwa 4, wato kilo ɗaya da rabi ko sama da haka kaɗan, kwance cikin jan ruwa mai ɗan yauƙi, da 'yar mitsitsiyar ledar kayan ƙamshi a gefe. A jikinsa an rubuta corned beef brisket. Manyan kantunan Amurka kan cika firji da shi a farkon Maris, gabanin ranar 17 ga wata da mutanen Ireland ke bikin Saint Patrick, waliyyin ƙasarsu, bikin da a Amurka ake cin wannan nama da kabeji, kuma a makon ne farashinsa ke karyewa. A can Ireland ɗin naman alade aka saba haɗawa da kabeji. 'Yan ƙasar da suka yi ƙaura zuwa New York a ƙarni na 19 su suka koma wa ƙirjin sa, don shi suke samu da araha wajen mahautan Yahudawa maƙwabtansu.

Na dafa shi hanya uku: a tukunya kan wuta, a tukunyar firesha, da kuma a obin. Naman yana biyan kuɗinsa. Abin da ke jawo masa baƙin jini shi ne 'yan layukan umarnin da ake bugawa a bayan ledar, waɗanda ba su wuce a zuba ruwa, a juye kayan ƙamshi, a dafa awa kaza ba. Wanda ya tsaya nan, ko dai gishiri ya kore shi daga faranti, ko ya kwana yana sakace.

Maganar farko ta yanka ce. Yawancin na manyan kantuna ba su ɗauke da tambarin halal, sai an leƙa shagunan Musulmi, su ma ba kullum ba. A duba kafin a kai ga biyan kuɗi. Girke-girken Turawa da yawa kuma suna cewa a zuba giya a ruwan dahuwar. Ruwa zalla ya wadatar, ba abin da ke raguwa.

Sai farashi, wanda akwai ɗan ruɗi a ciki. An yi wa naman allurar ruwan gishiri, kuma takardar jiki tana faɗin kashi nawa ne ruwan cikin ɗari. Da wannan ruwan aka auna maka. A tukunya zai fita, kitse ya narke, naman ya tsuke, a rasa kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyin, wani lokaci fiye. Kilo ɗaya da rabi ba ya wuce mutum huɗu zuwa biyar, shi ma sai da dankali a gefe. In leda biyu suna farashi ɗaya, a ɗauki wadda ruwanta ya fi kaɗan.

Yanka iri biyu ake sayarwa. Wanda aka rubuta wa flat shimfiɗaɗɗe ne, kaurinsa ɗaya daga farko har ƙarshe, kitsensa a sama kawai. Yana yankuwa fes-fes, ya yi kyau a faranti ko a tsakanin burodi, sai dai shi ya fi saurin bushewa. Wanda aka rubuta wa point mai tudu ne, kitse ya ratsa tsokarsa, ba shi da fasali, ya fi araha, ya kuma fi daɗi nesa ba kusa ba. Mai son tozo ya san inda zai nufa. Kada a fere kitsen saman duka kafin dahuwa, a bar kamar kaurin rabin santimita.

Gishirin shi ne inda aka fi faɗuwa. A zubar da ruwan ledar, a wanke naman a ruwan sanyi har yauƙin ya tafi, sannan a jiƙa shi a babbar roba cikin firji na awa 2 zuwa 4, a sauya ruwa sau biyu. Wanda ba ya son gishiri sosai ya bar shi ya kwana. In ya wuce kwana guda kuma ya zama lami, an koma dafaffen nama na yau da kullum, an yi asarar kuɗi. In ba lokacin jiƙo, a ɗora shi a ruwan sanyi, ya tafasa minti 5, a zubar da ruwan a sa sabo. Bayan haka ba gishiri, ba dunƙule, ko da hannu ya saba kai wa gwangwanin. Kanwa ma a bar ta inda take. Tana sa bayan naman ya yi luguf alhali ciki bai nuna ba, ta ɓata romon.

Ƙirji wuri ne mai aiki a jikin sa, shi ke tallafe da nauyin gaban dabbar, shi ya sa jijiya ta yi masa yawa. Jijiyar nan ba ta narkewa ta koma danƙo mai laushi sai da zafi matsakaici na dogon lokaci. Ita kuwa tsoka, da zafi ya yi yawa sai ta matse ta fitar da ruwanta. Saboda haka tukunyar da aka bari tana ɓararraka takan ba da naman da ya bushe ƙamas alhali cikin ruwa ya wuni. A zuba ruwa ya shanye kan naman da kamar yatsa biyu. Da ya fara tafasa a kwashe kumfar toka-toka da ke taruwa a sama, a rage wuta can ƙasa, a rufe. Abin da ake so a gani in an ɗaga murfi shi ne saman ruwan yana ɗan rawa, ƙwayar kumfa na tasowa ɗaya bayan ɗaya daga gefen naman. Lissafin kusan awa guda ne ga kowace laba, wato awa 3 zuwa 3 da rabi ga leda ɗaya.

Agogo jagora ne kawai. Ma'aikatar noma ta Amurka ta ce naman ya halatta a ci ta fuskar lafiya da zarar cikinsa ya kai digiri 63 a ma'aunin Salshiyos an bar shi ya huta minti 3, amma a wannan zafin sai mai haƙoran kura. Laushi na zuwa ne wajen digiri 90 zuwa 95. Wanda ba shi da ma'auni ya soka cokali mai yatsu a wuri mafi kauri: in ya shiga ya fito bai ɗago naman ba, ya yi. In har yanzu da tauri, rashin dahuwa ne, a ƙara masa rabin awa. Mutane da yawa kan ɗauka ya wuce ne su sauke shi a daidai lokacin da ya kusa.

Tukunyar firesha tana gama aikin cikin minti 90, da kofi 4 na ruwa, a bar tururin ya sauka da kansa na minti 15 zuwa 20. In aka saki tururin nan take, ruwan ciki zai tafasa da ƙarfi ya tatse naman. Sakamakonta ba laifi, amma ba a iya leƙawa, kuma shimfiɗaɗɗen yanka yakan wuce gona da iri ya fara warwarewa. A obin kuwa, digiri 160, kitse na kallon sama, ruwa kofi 2, a lulluɓe da foyil sosai, awa 3 zuwa 3 da rabi. Ƙamshi ya fi zama a nan, gishiri ma haka, tunda ba ruwa mai yawa da zai janye shi. Wanda bai jiƙa ba kada ya kusanci obin. Cikin ukun, tukunya kan wuta ce ta fi ba da abin da ake nema.

Ledar kayan ƙamshin abin dariya ce, da kyar ta cika ƙaramin cokali biyu: ƙwayar mastad, koriyanda, baƙin masoro, da ɓarɓashin busasshen ganyen nan na bay leaf da ake jefa wa dafa-dukan shinkafa. A ƙara albasa babba ɗaya a raba biyu, tafarnuwa sala 4, kanumfari 3, ɗan yankin citta, da ganyen guda 2 cikakku. Kanumfari ya wuce haka sai ya danne komai.

Kayan lambu a ƙarshe suke shiga, kuma ya fi a tsame naman tukuna a lulluɓe shi. A ɗanɗana romon. In gishiri ya yi yawa a rage rabi a cika da ruwa. Dankalin Turawa minti 25, karas ya biyo bayan minti 5, kabeji da aka yanka gida shida da ƙashin tsakiyarsa a minti 10 zuwa 12 na ƙarshe. Kabejin da ya yi awa guda a wuta warinsa kaɗai ya isa ya tashi gida.

Ko ya wuni a wuta cikin naman ja zai kasance, irin jan da ya sirka da fari. Ba ɗanye ba ne. Sinadarin sodiyam naitirait da aka sa a ruwan gishirin ne ke riƙe launin, shi ne kuma ke ba shi ɗanɗanon da ya bambanta shi da sauran nama. Mai hawan jini ya ci kaɗan.

A bar shi ya huta minti 15 zuwa 20 kafin wuƙa ta taɓa shi. A duba samansa, za a ga zaren tsokar a jere sun nufi gefe ɗaya kamar layin kunya a gona. A gicciye ake yankawa, kaurin rabin santimita, da doguwar wuƙa mai kaifi. In aka bi zaren, abin da zai fito shi ne dogayen silili irin na dambun nama kafin a soya, a yi ta tauna ba ƙarshe, awa uku na haƙuri sun tafi a banza. A yanka mai tudu zaren yana sauya hanya a tsakiya, sai a juya naman a ci gaba. Wanda ya kwana a firji cikin ɗan romonsa ya fi yankuwa siriri. Ragowa na yin kwana 3 zuwa 4, kuma in aka daddatsa ta da dafaffen dankali da albasa aka soya har ƙasan ya yi ɓawo, aka fasa ƙwai a kai, ta fi ta ranar farko.

Wanda bai samu mai tambarin halal ba yana iya haɗa nasa daga ƙirjin da ya saya wajen mahaucinsa. Ga nama kilo 2 da ruwa lita 2: gishiri giram 110, sukari giram 50, kayan ƙamshi babban cokali biyu, da giram 10 na gishirin adana nama mai lamba 1, wanda ake rina shi ja-ja don kada a ɗauka na miya ne. Kashi 6.25 cikin 100 nasa naitirait ne, saboda haka da sikeli ake auna shi, ba da ido ko cokali ba, kuma ba ɗaya yake da jan gishirin Himalaya ba. A danne naman da faranti ya nutse, a riƙa juya shi kullum, kwana 7 zuwa 10. Sharaɗin shi ne firji ya tsaya ƙasa da digiri 4 dare da rana. Inda ake ɗauke wuta a wuni ba a kawo ba, kada a soma.