Shagon gyaran tsofaffin hotuna na wajen Kasuwar Dole: ku kai musu, amma kar ku bari su taɓa fuska

Masu tambayata a WhatsApp ko yaran nan da ke gyaran tsofaffin hotuna wajen Kasuwar Dole a nan Damagaram (Zinder) sun iya aiki, e sun iya, ku kai musu. Amma da sharaɗi guda, ku tsaya a kansu ku ce ba ku son a saka hotonku cikin manhajar nan mai sabunta fuska da zuba kala. Sunan shagon ba zan faɗa ba tunda akwai ƙorafi cikin maganata, kuma yaran masu ladabi ne masu neman halak ɗinsu.

Hoto biyu na kai, duka daga adakar Gwaggo suka fito, an naɗe su cikin tsohon kallabi, gara ta ci gefen ɗaya, ɗayan kuma ruwa ya taɓa shi ya yi taswira. Na farko kakanmu ne da abokan karatunsa a lakwal ɗin William Ponty, can tsibirin Gore a Senegal, wani yaro a gaba ya riƙe allo an rubuta 1936 da alli. Na biyu ƙanen kakarmu ne ta wajen dangin Katsina, shi da 'yan wasan kwalejin Katsina sun jeru gaban wani dogon bango.

Bari in ɗan tsaya kan na farkon don shi ne dalilin duk wannan rubutun. A wancan zamanin nan Damagaram ba mu da lise, wato babbar makarantar sakandare, ko da yake Zinder ce babban birnin Nijar har 1926 da Nasara suka maida hedkwata Yamai. Yaron da ya yi ƙoƙari a lakwal sai an fitar da shi, wanda Allah ya ci da shi ya ƙare a Ponty, makarantar da ke fitar da malamai da akawuna ga duk ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa. Tana Gore tun 1913, sai 1938 aka kai ta Sebikotan kusa da Dakar. Boubou Hama ya bi ta can, Diori Hamani da Djibo Bakary ma haka, ga Modibo Keita na Mali ga Houphouët-Boigny na Kodebuwa. To yaro ɗan shekara sha bakwai a tsakiyar teku, babu uwa babu uba babu mai jin Hausa sai ɗaiɗaiku, me zai riƙe shi in ba ƙungiya ba? Shi ya sa 'yan kowace ƙasa ke haɗa kansu, su yi waƙoƙin gida, su buga ƙwallo, kuma babban abin da aka san su da shi shi ne teyatur, wato wasan kwaikwayo. In za su tafi hutu ana ba su aikin rubuto al'adun garinsu cikin kaye, aure, sarauta, tatsuniya, to daga irin wannan ne suke ɗauko labari su maida shi wasa na bikin ƙarshen shekara, magana da Faransanci waƙa da harshen gida. Abin ya yi ƙarfi har a 1937 aka kai wasu daga cikinsu Paris suka yi wasa. Ba wai 'yanci suke da shi ba fa, mushe Bature ne ke dubawa, kuma sau da yawa sarkin gargajiya shi ake nunawa a matsayin azzalumi, wannan kam yana yi mini ciwo. Amma duk da haka a kan wannan dandalin yaran suka koyi tsayawa gaban jama'a su buɗe baki, kuma mun ga inda bakin ya kai su daga baya.

A hoton namu kayan wasa ne a jikinsu. Wani ya naɗa zanen gado ya zama rawani, an manna masa gemun auduga, kana ganin inda audugar ta fara saki ta gefen kunne. Biyu sun ɗaura zane sun kafa ɗankwali sun fito a mata, tunda makarantar maza ce zalla. Kakanmu na daga ƙarshe riƙe da sanda kamar dogari, tsagar fuskarsa ta Barebari ta fito sarai duk da hoton ya dusashe.

Yanzu aikin shagon. Wanda ya karɓe ni saurayi ne, hannunsa da tsabta, bai kama hoton ta tsakiya ba, ta gefe ya ɗauka, ya sa burushi mai laushi ya kakkaɓe ƙura kafin ya ɗora a na'urar ɗaukar hoto, ban gaya masa ba. Da ya buɗe a kwamfuta ya ƙara girma sai ga rubutun allon ya fito tar, abin da ni da ido na kasa karantawa shekara da shekaru. Inda gara ta ci ya cike da hannu a hankali, bango ne da ƙafar mutum ɗaya, bai ƙirƙiro komai ba. Takardar da suke bugawa mai kauri ce, ba irin mai sheƙin nan da ke manne wa gilashi in zafi ya taso ba. Jika uku kowane hoto har da bugawa, firam daban. Wallahi bai yi tsada ba.

Matsalar ta zo ne ranar karɓa. Ya ce mini, Mushe na ƙara maka kyauta, na sa shi a manhaja ya dawo kamar jiya aka ɗauka. Ya miƙo mini mai kala. Kai jama'a. Gemun audugar nan manhaja ta maida shi gemu na gaske baƙi wuluk, yaro ɗan makaranta ya koma dattijo. Yaran biyu da suka yi shigar mata ta maida su mata sosai har da jan baki, wanda duk ya gani zai rantse akwai 'yan mata a Ponty, alhali makarantar 'yan mata ta Rufisk a Senegal sai 1938 aka buɗe ta. Abin da ya fi ƙona mini rai, tsagar kakanmu ta goge ta tas, ta ɗauka ƙarzuwar takarda ce, ta ba shi kumatu sumul da hancin wani. Na kai wa Gwaggo, ta daɗe tana kallo, ta ce, wannan ɗan waye? Na ce Baba ne. Ta ture shi gefe ta ce a ba ta na farkon.

Na koma na ce masa, ƙanena wannan ba gyara ba ne, ka canza mutum. Bai yi musu ba, ya ce yawanci masu zuwa kalar suke so, in bai sa ba cewa suke bai yi aiki ba. Na fahimce shi, amma kamata ya yi ya tambaya tukuna, musamman hoton da ya kusa shekara 90 wanda babu wani kwafinsa a duniya. Allah ya sa bai share na asalin ba, nan take ya sake buga mini fari da baƙi bai karɓi ko dala ba.

Na Katsina bai sha wahala haka ba don na riga na hana. Kwalejin an buɗe ta a 1922, can su Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Balewa suka yi karatu, su kuma Ingilishi wasanni suka ɗora yaransu a kai, kurket da wasan nan da ake buga ƙaramar ƙwallo da tafin hannu a jikin bango, wanda Sardauna bai bari ba har girmansa. Bangon da ke bayansu a hoton na wannan wasan ne, saura kaɗan yaron ya yanke shi wai don mutanen su cika firam, na ce a'a bar shi, bangon shi ne labarin. In ka ajiye hotunan biyu kusa da kusa sai ka ga dangi ɗaya, tsakanin Zinder da Katsina ba wata tafiya ba ce, amma wannan an ba shi dandalin wasa wancan an ba shi fili.

Sai ƙananan abubuwa. Wurin zama kujera biyu ce kacal, in wuta ta ɗauke aiki ya tsaya don ba su da injin, saboda haka ku je da safe. Kar ku bar musu hoton asali ya kwana, ba don rashin amana ba, shagon ne a cushe, a ɗauka a gabanku ku koma da abinku. Ku tafi da kile ɗinku na USB ku ce a zuba muku wanda ba a taɓa ba da wanda aka gyara, kowanne daban, don in ta WhatsApp suka turo ingancin raguwa yake. In akwai rubutu a bayan hoton shi ma a ɗauka.

Wanda kuma ke da hoton tsofaffin 'yan lakwal a gida, na Ponty ne ko na ƙungiyoyin amikal ko na samariya da 'yan wasan kara, don Allah ya yi mini magana, ina son in gano ko akwai wani Badamagare cikin yaran da ke tsaye da kakanmu, Gwaggo ta ce tana zaton mai rawanin ɗan unguwar Birni ne.