Kano, Jidda ko Ingila: lissafin da ya kamata a yi kafin a sa hannu

Ƙanena ma'aikacin jinya ne a nan Kano, yana da mata da 'ya'ya uku. Wani dare bayan isha'i ya shigo wurina da takardu a cikin leda: ɗaya tayin aiki ce daga wani asibiti mai zaman kansa a Jidda, sauran kuma bayanin yadda ake neman aiki a asibitocin gwamnatin Ingila. Tun kafin ya zauna ya riga ya buga albashin Ingilar da farashin canji na Wapa, ya miƙo mini waya ya ce, "Yaya, duba nan. Abin da nake samu a shekara bai kai na wata ɗaya a can ba." Na ce masa ya ajiye wayar, ya ɗauko biro da takarda. Sai da muka kai ƙarfe ɗayan dare. Na san gidaje da yawa ana irin wannan zama, shi ya sa na ga ya dace in shimfiɗa abin da muka gano.

Albashin Jidda a Jidda za ka fara cin sa, na Ingila ma haka. Kuɗin da ya cancanci a juya zuwa naira shi ne abin da ya rage a hannunka bayan haya, abinci, haraji, mota da makarantar yara. Wannan ragowar kuwa abu ɗaya ne ya fi juya ta: kai kaɗai za ka tafi, ko da iyali?

Muka fara da gida, don shi ne ma'aunin. Kowa ya san abin da ya faru daga 29 ga Mayu 2023 da aka janye tallafin mai, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta tashi har ta haura 1,000 a ƙarshen 2024. A watan Yuni na 2023 aka saki naira, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen 460 ta wuce 1,500 kafin a cika shekara. A Afrilun 2024 masu wutar lantarki na rukunin A, wato waɗanda aka fi bai wa wuta, suka wayi gari ana caja musu naira 225 a kan kowane yunit. Mafi ƙarancin albashi kuma 70,000 ne tun Yulin 2024, Kano ta ɗora dubu ɗaya a kai. Ban da wannan, magidanci a Kano shi ne gwamnatin kansa: shi zai sayi ruwa wurin 'yan garuwa, shi zai zuba wa janareta mai ko ya haɗa sola, shi zai biya makarantar kuɗi, in ciwo ya zo daga aljihunsa za a sayi magani. Duk mun rubuta.

Amma akwai wani shafi da masu shirin tafiya ba sa son buɗewa. Ƙanena a gidanmu na gado yake zaune, bai taɓa biyan haya ba. Duk kaka ana aiko masa da buhunan gero da masara daga gonar ƙauye, in ya ƙara da abin da ya saya a Dawanau lokacin da hatsi ke da araha, ya wuce rabin shekara. Idan yana aikin dare matarsa kuma ta fita unguwa, yaran suna ɗakin Hajiya. Na ce masa ya sa wa kowane ɗaya daga cikin waɗannan farashi, domin a can duk sayen su zai yi. Shiru ya yi na ɗan lokaci kafin ya rubuta.

Sai Saudiyya, wadda ita ce ta fi kusa da zuciyar mutanenmu, kuma da dalili. Ba a cire harajin albashi. Riyal a ɗaure yake da dala a kan 3.75 tun 1986, saboda haka abin da ka tara ba ya narkewa a hannunka kamar naira. Litar fetur mai lamba 91 riyal 2.18 ce. Doka ta ɗora wa mai ɗaukar aiki kuɗin iƙamarka, inshorar lafiyarka da tikitin komawarka gida idan kwantiragi ya ƙare. Akwai kuma kuɗin sallama: rabin albashin wata a kan kowace shekara cikin biyar na farko, cikakken albashin wata a kan kowace shekara bayan haka. Ga abinci halal ko'ina, ga masallaci a bakin ƙofa, ga Makka tafiyar kusan awa ɗaya daga Jidda. Wanda zai ce wannan ba komai ba ne bai san abin da Umra cikin azumi take a ran Bahaushe ba.

Wahalar tana farawa ne ranar da ka ce za ka kawo iyali. Tun Yulin 2017 Saudiyya ta sa wa baƙi ma'aikatan kamfanoni masu zaman kansu haraji a kan kowane mutum da ke ƙarƙashin iƙamarsu. Da riyal 100 a wata aka fara, ana ƙara ɗari duk shekara, har ya tsaya a kan 400 daga Yulin 2020. Mata da yara uku mutum huɗu ke nan, riyal 1,600 duk wata, 19,200 a shekara, tun ba a ci ko loma ɗaya ba. Mu ɗauka albashin riyal 6,000 ne. Ka ga fiye da kashi ɗaya cikin huɗu ya tafi a kan izinin zama da matarka da 'ya'yanka kawai. Sannan masaukin da asibitoci ke bayarwa galibi na gwauraye ne, mutum biyu ko uku a gida ɗaya. Mai iyali sai ya kama nasa, kuma haya ta yi tashin da a Riyad sai da gwamnati ta dakatar da ƙarinta na shekara biyar a Satumbar 2025. Harajin kayan masarufi, wanda ya fara da kashi 5 a 2018, ya koma kashi 15 tun 2020. Yaran baƙi kuwa yawanci makarantun kuɗi suke zuwa. Da muka gama cirewa, ragowar mai iyali a Jidda ta yi ƙanƙantar da ƙanena ya sake lissafin sau biyu. Ragowar wanda ya tafi shi kaɗai, asibiti ya ba shi ɗaki da motar kai shi aiki, ita ce ta fi kowace girma a takardar tamu.

Akwai abin da ba ya shiga lissafin kuɗi amma dole a faɗa. Gyaran da aka yi wa tsarin kafili a Maris 2021, wanda ya sauƙaƙa sauya wurin aiki da fita ƙasar, bai haɗa da 'yan aikin gida, direbobin gida, makiyaya da ma'aikatan gona ba, kuma nan ne akasarin mutanenmu da ejan-ejan ke kaiwa suke faɗawa. Ina roƙon duk wanda za a tura masa 'ya ko ƙanwa ya karanta sunan sana'ar da aka rubuta a bizar, don ita ce za ta bi ta a iƙama. Kuma ko shekara ashirin ka yi a Saudiyya, ranar da aiki ya ƙare zamanka ya ƙare.

Dubai ba mu daɗe a kanta ba. Tsarin kusan ɗaya ne: babu harajin albashi, dirhami a ɗaure da dala, harajin kaya kashi 5 ne kacal. Sai dai haya ce ke cinye mutum, ana biyan ta da cek na watanni a gaba, kuma ana ƙara kashi 5 na kuɗin hayar a cikin takardar wuta da ruwa. Shi ya sa ma'aikata da yawa ke kwana a Sharja su yi sammakon shiga cunkoso. Ga ɗan Najeriya akwai ƙarin tunani, don an rufe mana biza daga 2022 har zuwa Yulin 2024.

Ingila lissafinta ya sha bamban, kuma nan ne wayar ƙanena ta fi yaudarar sa. Ma'aikacin jinya da ya fara a mataki na biyar a asibitocin gwamnati na NHS a shekarar 2025 zuwa 2026 yana kan fam 31,049 a shekara. Fam 12,570 na farko ba a taɓa su, abin da ya haura ana cire harajin kashi 20 da inshorar ƙasa kashi 8. Abin da ke shigowa asusu wajen fam 2,150 ne a wata, kafin a cire fansho. To matsakaicin kuɗin haya a ƙasar ya haura fam 1,300 a wata a 2025, na Landan ya wuce 2,000. A garuruwan arewa irin su Bradford da kewayen Manchester ana samun sauƙi, amma gida mai ɗakunan da za su ɗauki mutum biyar ba zai yi araha ba. Kafin a ba ka makulli za ka ajiye kuɗin haya na mako biyar a matsayin jingina. Sai harajin ƙaramar hukuma duk wata, sai gas ɗin ɗumama gida daga Oktoba har Maris, wanda ɗan Kano bai taɓa sanin ana biya ba. Mai rainon yara kuwa da awa ake biyan ta, kuma babu ɗakin Hajiya. A bizarka an rubuta ba ka da haƙƙin tallafin gwamnati. Albashi ɗaya da yara uku a Ingila, gaskiya da ƙyar ake kai ƙarshen wata.

Abin da ke gyara lissafin shi ne matarka tana da izinin yin aiki, kuma mafi ƙarancin albashi ya kai fam 12.21 a awa a Afrilun 2025. Makarantar gwamnati kyauta ce, ganin likita ma haka. Bayan shekara biyar ana iya neman izinin zama na dindindin, ko da yake a Mayun 2025 gwamnati ta fitar da shawarar mayar da shi goma. Ma'aikatan lafiya da iyalansu an yafe musu harajin lafiya na baƙi. Wanda zai tafi da wata sana'a kuwa sai ya biya fam 1,035 a shekara kan kowane babba, 776 kan kowane yaro, kuma a dunƙule tun wurin neman biza. Iyali irin na ƙanena fam 13,194 ke nan na shekara uku. Ƙofofi ma suna ta rufewa: tun Maris 2024 masu kula da tsofaffi ba sa tafiya da iyali, a Yulin 2025 kuma aka daina ɗaukar su daga waje gaba ɗaya. Duk wanda ya ce maka ka kawo miliyoyi zai samo maka wannan biza yau, kada ka ba shi ko sisi.

Kuɗin shiga ma a sa shi a takarda. Hanyar Ingila tana buƙatar jarrabawar Turanci ta IELTS ko OET, da ta kwamfuta, da ta aiki a aikace bayan ka isa. Ta Saudiyya tana buƙatar tantance takardu na DataFlow da jarrabawar Prometric. Wasu sai sun zauna fiye da sau ɗaya, kuma kowane zama da kuɗinsa. Idan fili za ka sayar ko bashi za ka ci, ka lissafa wata nawa za ka yi kana biya kafin ka fara tarawa.

'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram su lura, nasu lissafin ba irin namu ba ne. Sefa a ɗaure take da yuro a kan 655.957, don haka ribar faɗuwar kuɗin gida da ɗan Najeriya ke hange idan ya turo dala, su ba za su same ta ba, kamar yadda albashinsu na gida ma ba ya zubewa irin namu.

Sai layi na ƙarshe, wanda mu biyu muka fi jinkiri a kansa: aike. Ranar da ka sauka Jidda ko Ingila, a idon dangi ka zama mai kuɗi. Kuɗin asibitin kawu, kayan ɗakin 'yar yaya, ragon layya, azumin gidaje uku. Zumunci ne kuma lada ne, ba na cewa a bari. Amma wanda bai yanke wa kansa adadi ba tun kafin ya tashi, zai shekara biyar a waje ya dawo ba shi da ko bulo ɗaya a ƙasa. Na ce masa ya rubuta adadin, ya faɗa wa Hajiya da bakinsa.

A ra'ayina, mai son tara jari cikin shekara biyu zuwa huɗu, wanda zai iya jure kaɗaici kuma yana da inda zai bar iyali cikin aminci, Saudiyya ta fi masa, muddin kwantiragin ya ƙunshi masauki. Wanda burinsa karatun yara ne da zama mai tsawo, kuma matarsa a shirye take ta yi aiki, Ingila ta fi, amma ya sa a ransa shekarun farko ba zai gina gida a Kano ba. Mai gidan kansa, mai gona ko shago bayan albashi, ya yi lissafi sosai kafin ya motsa, don sau da yawa abin da zai bari ya fi abin da yake gani a waya.

Ƙanena bai sa hannu a daren ba. Washegari ya rubuta wa asibitin Jidda yana tambayar abu huɗu: nawa ne tsagwaron albashi ban da alawus, tunda wasu haƙƙoƙi a kansa ake lissafa su, masaukin mutum nawa ne a ɗaki, tikitin hutu duk shekara ne ko sai ƙarshen kwantiragi, kuma wace sana'a za a rubuta a iƙamarsa. Ya ce in amsar ta yi daidai zai tafi shi kaɗai na shekara biyu, yara su zauna a makarantarsu kusa da Hajiya, shi kuma yana karatun jarrabawar Turanci a can da kuɗin da ba na bashi ba.