Python, R ko Excel: wanne ɗan jarida zai kashe wa kuɗi da lokaci?

Duk ɗan jaridar da ya taɓa zama da kasafin kuɗin jiha mai ɗaruruwan shafuka, yana neman nawa aka ware wa asibitocin ƙaramar hukumarsu, ya san inda biro da kalkuleta ke gazawa. Daga nan ne ake fara tambayar me za a koya, kuma a wurin wa. Abu uku ake yawan ambata wa mutum: Excel, manhajar jera alƙaluma a jadawali, sai R da Python, harsunan rubuta wa kwamfuta umarni. Ni na Python ne, amma bari in sallami sauran tukuna.

Excel, ko Google Sheets, dole ne ka iya shi kafin komai. Excel yana ɗaukar layi 1,048,576, alhali rumfunan zaɓen Nijeriya gaba ɗaya 176,846 ne, ka ga ke nan zai iya da yawancin aikinmu. Aibinsa shi ne ba ya tuna abin da ka yi. Ka goge nan, ka kwafe can, bayan wata guda edita ya tambaye ka yadda ka samo adadin, ka rasa ta cewa. Kuma yakan zubar da bayanai shiru. A Oktoban 2020, sakamakon gwajin kusan mutum 16,000 da suka kamu da korona a Ingila ya kasa shiga ƙidaya, saboda tsohon tsarin fayil ɗin Excel da hukumar lafiya ke amfani da shi ya cika bai sanar da kowa ba.

R kuwa malaman ƙididdiga ne suka ƙera shi a Jami'ar Auckland, zanen jadawalinsa na da kyau, har BBC na aiki da shi. Sai dai in ka maƙale da tsakar dare, za ka sha wuya kafin ka samu wanda zai fitar da kai.

Abin da ya sa na tsaya kan Python ba ƙwarewar harshen kaɗai ba ce, halin da muke aiki a ciki ne. Da Google Colab ba sai ka girka komai a kwamfutarka ba. Ka buɗe shafi a intanet, ka rubuta umarni, injinan Google su yi lissafin, kyauta. Tsohuwar kwamfutar ofis da ke huci in an buɗe shafi uku ma ta isa. In an ɗauke wuta, abin da ka rubuta yana nan. Fayilolin da ka ɗora ne ke gogewa idan zaman ya katse, don haka ka riƙa ajiye su a Google Drive. Manhajar pandas ta sarrafa jadawalin bayanai a Python, wadda Wes McKinney ya fara a 2008, tana cikin Colab tun farko, kuma ita ce ke yin ainihin wahalar.

Ga wahalar da nake nufi. A takarda ɗaya ka ga an rubuta Dawakin Tofa, a wata D/Tofa, a ta uku DAWAKIN-TOFA. Ƙaura Namoda ta koma K/Namoda. Kuɗin kuma an sa masa alamar naira da waƙafi, kwamfuta na kallon sa a matsayin rubutu, ta ƙi tarawa. Ƙananan hukumomi 774 ne, ka gyara su da hannu bana, baɗi ka sake daga farko. A Python sau ɗaya za ka rubuta gyaran, in sabon kasafi ya fito ka sake kunna shi. In kwamishina ya musanta labarin, kowane mataki na nan a rubuce. Don zaro jadawali daga PDF akwai pdfplumber da Tabula, duka 'yan jarida na da hannu a ƙirarsu. Amma suna aiki ne da rubutun kwamfuta, ba za su karanta hoton takardar sakamakon zaɓe da aka cike da biro ba, irin waɗanda INEC ta ɗora a IReV, shafinta na duba sakamakon zaɓe, a 2023.

Sai maganar inda za a koya, nan ne kuɗin mutane ke salwanta. Cibiyar Knight ta Jami'ar Texas tana da kwasa-kwasan kyauta ga 'yan jarida, Code for Africa ma haka, a gida kuma cibiyoyin aikin jarida na Dataphyte da CJID sukan shirya horo. Ka fara da waɗannan.

Ni na taɓa biyan wani kwas da aka tallata a WhatsApp, wai a mako biyu mutum zai zama gwani. Aka tura mana bidiyoyin da daga baya muka gan su kyauta a YouTube, an yanke sunan mai su. Da tambayoyi suka yi yawa, malamin ya kulle zauren, shi kaɗai ke iya magana. Satifiket dai ya zo, har da tambarin zinare. Irin waɗannan alamominsu ba sa ɓuya. Sukan ce gurbi biyar ya rage, ka biya kafin magariba. Lambar asusun ta wani mutum ce daban. Suna jera tambarin Google ko Microsoft a talla kamar su suka aiko su, suna alkawarin aikin da ake biya da dala. Wasu ma ba ɓarayi ba ne, suna koyarwa da gaske, amma da tsaftatattun alƙaluman wani kanti na Amurka, waɗanda ba su da ko kuskure ɗaya. Ka gama da yabo, ka buɗe kasafin jiharku ka tsaya cak. Akwai kuma masu ce maka ba sai ka koya ba, ChatGPT zai rubuta maka. Zai rubuta ɗin, amma in ya tara kuɗin da aka ware da wanda aka kashe a wuri ɗaya, sunanka ne a saman labarin.

Kafin ka tura ko sisi, ka nemi malamin ya nuna maka labari ɗaya da aka buga da aikinsa. Sannan ka tura masa shafi biyu na kasafin jiharku, ka ce ya mayar da su jadawali a gabanka. In ya fara kwana-kwana, riƙe kuɗinka ka sayi data, ka buɗe Colab.