Ofishin da ya ciro mini NIF a Maradi: harufa uku sun ci mini wata biyu

Tun watan jiya nake son in rubuta wannan, ina danne zuciyata don kada in yi shi cikin fushi. Yanzu takarduna sun daidaita, to bari in faɗi yadda muka ƙare da wani ofishi mai bi wa 'yan kasuwa takardu a nan Maradi. Ba zan kama suna ba. Duk mai zirga-zirga tsakanin Jibiya da Ɗan Isa ya san irinsu, ɗaki ɗaya ne da kwamfuta biyu da injin fotokopi, kuma ya san abin da suke karɓa.

Ni Bakatsine ne. Shekara shida ina ɗauko injinan ban ruwa da tiyo da kayan gyara daga Kano, ina ajiyewa a shagon wani aminina, masu lambu na Jiratawa da Madarunfa da Tibiri suna zuwa saye. Duk tsawon lokacin nan ban taɓa jin cewa ni baƙo ba ne. Sarautar garin ma har gobe Sarkin Katsina ake ce mata, kuma kakata ta wajen uwa a nan aka haife ta. Amma takarda ba ta san zumunci ba. Da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023, kayana suka zauna da sunan wani, ni kuma ina can gida ba ni da ko ƙyallen takarda da ke nuna nawa ne. Daga baya Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Aminin nawa ya zaunar da ni ya ce, "Alhaji, ni ba na gudunka, amma rai ba ya da tabbas. Ka kama shagonka, ka yi rajistarka, ka ciro NIF ɗinka." Gaskiya ya faɗa.

Ga wanda bai sani ba daga cikin 'yan uwana na Najeriya, NIF ita ce lambar mai biyan haraji, abin da muke kira TIN a gida, kuma hukumar harajin ƙasa, DGI, ke ba da ita. A nan "impo" za ka ji ana cewa, tsofaffi kuma su ce lanho. Kafin ta akwai rajistar kasuwanci, RCCM, wadda ke tafiya kan OHADA, dokar kasuwanci ta bai ɗaya ta ƙasashen Afirka 17, galibinsu masu Faransanci. Najeriya ba ta ciki, don haka takardar rajistar kasuwancina ta CAC ba ta tsinana mini komai ba a nan. Akwai Maison de l'Entreprise ta cibiyar 'yan kasuwa, inda mutum zai iya kai dosiyensa, wato tarin takardunsa, da kansa. Ni dai Faransancina bai wuce gaisuwa da ƙirgen kuɗi ba, shi ya sa na nemi masu bi mini.

Ranar farko sun burge ni, wallahi. Mai ofishin dattijo ne mai fara'a, ya sa aka kawo mini shayi, ya lissafa mini abin da zan kawo da Hausa tsantsa: fasfo, hotuna, shaidar zama, takardar hayar shago, takardar shaidar rashin laifi, sai kuma izinin da baƙo ke nema kafin ya buɗe kasuwanci. Ya ce in saya tambur, wato kan sarki na hukuma, sauran aiki nasu ne. Na biya rabi. Cikin mako uku yaronsa ya kira ni ya ce in zo, komai ya fito. Na hau kabu-kabu na je, na ga takardu da kashe, wato hatimi, a jiki, na cika musu kuɗinsu har na ƙara wa yaron na goro. A daren nan na kira mahaifiyata na ce ta sa mini albarka, ɗanta ya zama mai shago a Maradi.

Kwana goma bayan haka na je banki buɗe asusun shago. Dalilin gaggawata kuwa shi ne wata ƙungiyar manoma da wani furoje, wato shirin tallafi, ke tallafa wa tana son injuna da yawa kafin rani ya kama, kuma sun ce ba sa biya hannu da hannu, sai faktir, wato takardar ciniki, mai NIF da asusun banki mai sunan shago. Ciniki ne da ban taɓa samun irinsa ba tun da na fara. Ma'aikaciyar bankin ta ɗora fasfona a dama, takardun a hagu, ta dube su ta sake dubawa, sannan ta ce, "Alhaji, waɗannan ai mutum biyu ne."

Na ce wane irin mutum biyu, ga hotona nan. Ta juyo da takardun ta nuna mini da bakin alƙalami. Sunana irin wanda muke farawa da U ne a gida. A takardun an sa masa O a gaba, an ƙara e a baya, yadda ake rubuta shi a nan. Sunan mahaifina ma an cusa masa o kafin u na ƙarshe. Harufa uku ke nan. A baki suna ɗaya ne, ko jariri ya sani. A takarda kuwa mai fasfo daban, mai NIF daban. Ban ga laifinta ba ko kaɗan, aikinta ta yi, kuma cikin ladabi ta yi shi. Amma da na fito sai da na zauna a bakin titi, ƙafafuna sun ƙi ɗaukata.

Da na bi diddigi sai na gano inda gizo ya yi saƙar. Yaron ofishin ne ya buga takardar neman rajista da ta hayar shago, kuma da kunne ya rubuta sunan, bai buɗe fasfon ba. Fasfon yana kan teburinsa, na gan shi da idona a ranar, ya ɗora masa waya a kai. Abin da ya buga shi aka kai, kuma daga takardar farko kuskuren ya bi sauran kamar ruwa a kwata. An ba ni na sa hannu, ban musa ba. To amma mutumin da ba ya karanta Faransanci, aka miƙo masa shafi biyar aka ce sa nan, sa nan, me ya biya kuɗi a yi masa in ba a duba masa ba? Wannan shi ne aikin gaba ɗaya. Ba ɗaukar takarda daga wannan ƙofa zuwa waccan na biya ba, ɗan kabu-kabu ma zai yi wannan.

Na koma ofishin. Abin da ya fi ƙona mini rai ba kuskuren ba ne, amsar da na samu ce. Yaron ya ce, "To ai haka ake rubuta shi, ku ne kuke rubuta shi ba daidai ba." Sunan da ubana ya raɗa mini! Na ce masa, "Yaro, ban zo gardamar rubutu ba, abin da ke cikin fasfo shi za ka sa." Mai ofishin ba ya nan, wai ya tafi Yamai. Kwana tara ina sintiri, kullum "sai gobe, Alhaji." Ranar Litinin da Juma'a, ranakun da kasuwa ke ci, na rufe shago ina zaune a bencinsu. Da ya dawo ya saurare ni, ya girgiza kai, sannan ya ce gyara sabon dosiye ne, sai na sake biya. Nan ne na ɗaga murya, abin da ba ɗabi'ata ba ce.

Amma dole in faɗi alherin da na gani a wurin, don kada in ci amanar gaskiya. Akwai wata yarinya sakatariya a ofishin, ba ta fi sa'ar 'yata ta biyu ba. Ita ce ta kira ni gefe ta ce, "Baba, ka yi haƙuri, kawo fasfon." Ta zauna ta sake buga komai, tana karanta mini harafi bayan harafi da ƙarfi, ina bi da yatsa. Ta fassara mini kowane layi kafin in sa hannu. Ita ta je wajen mai gidan da nake haya aka sake takardar, ita ta kai dosiyen gyara, kuma duk bayan kwana biyu sai ta turo mini saƙon murya ta WhatsApp ta faɗa mini inda aka kwana, ko da babu wani sabon abu. Ita ce kuma ta sa baki har mai ofishin ya yarda ya yafe ladan aikinsu, na biya tambur da kuɗin hukuma kawai. Da a ce ita na tarar ranar farko, da yanzu yabo zalla nake rubutawa. Saboda ita, akwai lokacin da na ce a raina, to, mutane ne, kowa na kuskure, zan iya turo musu wani.

Sai dai jiya da nake jera takardun a jaka, wani abin ya sake taso mini. A wajen yarinyar ne, bayan wata biyu, na fara jin cewa masu biyan haraji rukuni-rukuni ne, akwai na ƙananan 'yan kasuwa masu biyan haraji dunƙule, akwai na masu riƙe cikakken lissafi da ke hulɗa da TVA, wato harajin VAT, ta kashi 19 cikin ɗari. A wajenta na ji zancen faktir mai shaidar hukumar haraji, da takardar ARF da ke nuna ba a bin ka bashin haraji, wadda masu ba da kwangila ke tambaya. A wajenta na ji cewa daga ranar da lambar ta fito akwai wajibai a kanka, ko ka yi ciniki ko ba ka yi ba, sai ka riƙa waiwayar ofishin haraji. Mai ofishin ya san abin da nake sayarwa, ya san wa nake son sayar wa, na faɗa masa tun muna shan shayi. Bai ce mini uffan ba a kan ko ɗaya. Baƙon da ya karɓi takardarsa ya koma Katsina ya yi wata shida yana ganin ya gama, me zai tarar in ya dawo? Yanzu na ɗauki wani kontabul, wato akanta, da nake biya duk wata, kuma shi ma sai da na sa ya karanta mini sunana daga fasfo kafin mu fara magana.

Cinikin manoman kuwa ya wuce ni. Sun jira ni mako uku, shugabansu har shago ya zo ya ba ni haƙuri, ya ce ruwa ya janye, albasa ba ta jira, sun saya a wajen wani. Injuna goma sha ɗaya daga cikin waɗanda na ɗauko dominsu suna nan a mangaza cikin kwalayensu, kuɗin da na ranto na saye su da naira ne, kuma mai kuɗin ya fara kira. Na gaya wa mai ofishin wannan, ya ce Allah ya mayar da alheri. Na ce amin.

Wani ɗan garinmu mai kayan sola ya tambaye ni shekaranjiya ko in haɗa shi da su. Na ce zan raka shi da kaina, kuma in muka tarar yarinyar ba ta nan, za mu juya.