Na kira masu feshin sauro gidana a Sakkwato: ga abin da kuɗina suka saya

Mata da yawa cikin masu kawo mini ɗinki sun yi ta tambayata ko feshin da aka yi mana a gida ya yi amfani, ko kuwa asarar kuɗi ce kawai. Ya yi amfani, amma ba ta inda aka tallata mini shi ba. Maganin da aka fesa shi ne ƙaramin abin da na samu. Wanda ya fi shi daraja shi ne zagayen da shugaban aikin ya yi a tsakar gidana da tocila a hannu, tun kafin a buɗe gorar magani.

Ɗakin ɗinkina yana cikin gida, daf da zaure. Da daminar bara ta zauna, wani sauro ya addabe mu da rana kata. Ba mai kukan nan na dare a bakin kunne ba. Wannan baƙi ne, ɗan ƙarami, da ratsin fari a ƙafafu, yana zuwa shiru ya ciji idon sawu a ƙarƙashin keke. Da hantsi da bayan la'asar ya fi tashi. Yaran da nake koya wa ɗinki har safa suka koma sawa, a cikin zafin garin nan. Kowane gado a gidanmu yana da gidan sauro mai magani, kuma muna amfani da shi, to amma me gidan sauro zai yi wa wadda ke zaune tana taka keke?

Ban ɗauki abin da wasa ba saboda dalilai biyu. A watan Nuwamba na 2023 hukumar daƙile cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta tabbatar da ɓullar zazzaɓin dengi a jihar nan, mutum 13 gwaji ya nuna suna da shi, kuma an ambaci Sakkwato ta Kudu da Wamakko da Dange Shuni. Wannan sauron mai ratsin fari, wanda likitoci ke kira Aedes, shi ke ɗaukar dengi, shi ke ɗaukar shawara, shi ne kuma ke ɗaukar cikungunya. Ita cikungunya ba a rediyo na fara jin ta ba. Gwaggona tana aure a Kassala ta Sudan, kuma ta kamu a annobar 2018, lokacin da kusan mutum 14,000 suka kwanta a ƙasar cikin 'yan watanni, mafi yawansu a Kassala. Zazzaɓin ya sauka cikin mako guda, amma gaɓoɓinta suka riƙe. Ta shaida mini a waya cewa watanni ta yi ba ta iya ɗaga buta ta yi alwala, sai jikarta ta zuba mata. A 2020 cutar ta faɗa wa gabashin Chadi, yankin Abeche, ta kama fiye da mutum 27,000. Ni da yatsuna da wuyan hannuna ne jarina, wannan labari bai taɓa barin raina ba. Shawara tana da rigakafi, allura ɗaya, kuma duk gidanmu an yi. Dengi da cikungunya kuwa babu maganin da ke kashe ƙwayar cutar, jinya kawai ake yi har jiki ya ci ƙarfinta.

Wata maƙwabciya ce ta ba maigida lambar wani ƙaramin kamfanin feshi a nan cikin gari. Aka yi ciniki a kan Naira 18,000, ɗaki huɗu da kicin da bayi da tsakar gida, da alkawarin za su dawo su duba bayan mako biyu. Sun ce ƙarfe takwas na safe, ba su iso ba sai da rana ta take. Mun riga mun fitar da kayan abinci da tukwane, yara suna zaune a gidan maƙwabta, ɗinki ya tsaya. Ko waya ba su yi ba. Wannan na rubuta shi a cikin laifukansu.

Su uku ne, wani dattijo da samari biyu. Samarin suka fara sauke injin feshi irin na goyo, sai dattijon ya ce su dakata. Ya tambaye ni lokacin da sauron yake cizo da inda yake cizo. Da na ce da rana, a ƙafa, sai ya gyaɗa kai ya ce, "Hajiya, wanga ba shi son ruwan kwata. Cikin gidanki aka haife shi. Ina kuke aje ruwa?"

Unguwarmu famfo ba ya kawowa kullum, daga 'yan garuwa muke saye, saboda haka randuna biyu ne da mu a gindin darbejiya, da duro ɗaya na wanki. Ya ɗaga faifan da ke kan babbar randar, ya haska tocila, ya ce in leƙa. Ruwa garau, wanda muke sha. A saman sa wasu 'yan tsutsotsi ne siri-siri suna rataye, kai ƙasa. Hasken na taɓa su suka murɗe jiki suka nutse can gindi. Ya sa ɗan yatsa ya shafo cikin randar, ɗan sama da inda ruwa ya tsaya, ya nuna mini wasu baƙaƙen ɗigo-ɗigo kamar garin gawayi. Ƙwai ne. Ya bayyana mini cewa wannan sauron ba a kan ruwa yake zuba ƙwai ba, a jikin mazubi yake manna shi, kuma ƙwan yana iya yin watanni a bushe bai mutu ba, ranar da ruwa ya kai gare shi sai ya ƙyanƙyashe. Shi ya sa ɗauraye randa a zubar ba ya isa, sai an sa soso ko buroshi an dirje cikinta. Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kwana 7 zuwa 10 ne, don haka wankin ya zama na kowane mako. Faifai ma ya ce ba murfi ba ne a wurin sauro, a ɗaure bakin randa da ƙyalle mai tsabta tukuna a ɗora shi.

Daga nan ya bi gidan lungu-lungu. Tsohuwar tayar babur da aka jefa kan rufin bayi, ruwan sama ya taru a cikinta. Kaskon ruwan kaji. Gwangwanayen tumatir a bayan kicin. Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne ɗan tiren da ke bayan firji, inda ruwa ke ɗiga, a cikin falo. Nan ma ya samu. A ɗakin ɗinki ya girgiza atamfofin da na rataya a igiya, sauro ya tashi daga tsakaninsu. A irin wuraren nan yake hutawa, in ji shi, cikin duhun tufafi da ƙarƙashin gado da bayan labule, kuma ba ya nisa da inda aka ƙyanƙyashe shi.

Wannan duka bai cikin cinikin da aka yi, kuma bai nemi ƙarin ko sisi ba. Allah ya saka masa da alheri.

Feshin kansa an yi shi daidai gwargwado. Na nemi ganin gorar maganin kafin a haɗa, domin ba zan yarda a kawo mini piya-piya cikin ɗakin da yara ke kwana ba. Wannan guba ce ta gona, kuma kowa a ƙasar nan ya ji labarin gidajen da ta yi wa ɓarna. Sun nuna mini, akwai lambar NAFDAC a jiki da ranar lalacewa. Amma sai da na tambaya, kuma na ga alamar ba su saba a tambaye su ba. Sun fesa ƙasan bango, ƙarƙashin gadaje da kujeru, bayan ƙofofi, suka ce a rufe ɗakuna a bar su sa'o'i, sannan a buɗe tagogi iska ta ratsa kafin kowa ya shiga.

Abin da ya ɓata mini rai shi ne halin da samarin ke aiki a ciki. Ɗaya ya sauke takunkuminsa zuwa haɓa saboda zafi, ɗayan babu safar hannu, silifas ne a ƙafarsa, maganin yana ɗiga daga bututun injin yana jiƙa masa bayan riga. Na ce masa, "Yaro, rufe hancinka, lafiyarka ta fi gidana." Ya yi murmushi ya gyara, na juya baya ya sake saukewa. Ɗan wani ne, kuma kullum wannan aikin yake yi. Kamfanin da ke karɓar kuɗin mutane da sunan lafiya bai kamata ya gaza saya wa ma'aikacinsa safar hannu da takalmin roba ba. Haka kuma ba wanda ya ce mana komai a kan kaji da kyanwa, maigida ne ya tuna ya kwashe su. Rasiti ma ba su bayar ba.

Sakamako dai ya fito fili. Kwanakin farko ɗakin ɗinki ya yi tsit, yara suka cire safa. Sauron dare ma ya ragu sosai. Bayan 'yan makonni na dare ya fara dawowa, abin da ba zai ba kowa mamaki ba tunda kwatar layinmu tana nan yadda take, kuma ƙarfin magani a bango ba ya dawwama. Na rana kuwa bai koma yadda yake a da ba har damina ta ɗauke. Ban danganta wannan da feshin ba. Na danganta shi da dirzar randuna duk Juma'a da safe, da tayar da aka sauke, da tiren firji da ake zubarwa.

Ɗan abin da ya rage yana shigo mana ne daga kangon da ke jikin katangarmu, inda aka haƙa ramin tara ruwa na yin bulo aka tafi aka bar shi a buɗe. Dattijon ya leƙa ta katanga ya gani, ya ce nan ba hurumin su ba ne, kuma gaskiya ya faɗa. Maigida ya kai maganar wurin mai unguwa, an nemo mai wurin, har yanzu muna jiran ya cike ramin.

Alkawarin dawowa bayan mako biyu sai da aka yi ta bugun waya kafin a cika shi, kuma da suka zo, ɗaya daga cikin samarin ne kaɗai, ya leƙa ɗakuna ya fara tallata mini tsarin feshi na wata-wata. Ban karɓa ba. Shaƙar magani kowane wata a gida mai ƙananan yara ba abu ne da nake so ba, ga shi an san sauro a wurare da yawa ya fara jure wa irin waɗannan magunguna saboda yawan amfani da su.

Akwai wani abu da wata ma'aikaciyar jinya cikin masu kawo mini ɗinki ta jaddada mini, ina so ya kai ga kowace uwa. Ba kowane zazzaɓi ne maleriya ba. In an yi gwaji ba a ga maleriya ba, ga zafin jiki mai tsanani da ciwon gaɓoɓi ko ciwo a bayan ido ko ƙuraje, a koma asibiti a faɗa musu. Kafin nan farasitamol kawai za a sha da ruwa mai yawa, ban da asfirin da ibuprofen, domin in dengi ne suna iya jawo zubar jini. Marar lafiyar kuma ya kwanta cikin gidan sauro ko da rana ne, saboda sauron da ya cije shi a makon farko shi zai kai cutar ga na kusa da shi.

Ga wadda ke tunanin kiran masu feshi, in sauron ya yi yawa har ya hana aiki, a kira su sau ɗaya a farkon damina, kuɗin ba su tafi a banza ba. Amma a yi sharaɗi tun a waya: za a zagaya a duba wuraren ruwa kafin feshi, za a nuna gorar magani, ma'aikata za su zo da kayan kariya, kuma a riƙe wani abu daga cikin kuɗin sai sun dawo dubawa. In mutum ya shigo gidanki ya miƙe kai tsaye zuwa ɗaki da inji a baya bai tambayi inda kike ajiye ruwa ba, ki sallame shi. Wannan kamfanin zan sake kiran su bana, da sharaɗin dattijon ne zai jagoranci aikin, kuma sai na ga safar hannu a hannun yaran nan kafin su wuce zaure.