Gwajin float.h ko sabbin nau'o'in _FloatN: wanne ya dace da aikinka?

Ɗan'uwa, ka ce kana haɗa mitar wutar sola a shagonka na Kasuwar Barci, kod ɗaya ne amma jimillar ƙaramin allon lantarki na Arduino Uno ta saɓa da ta kwamfuta, kana tambaya ko sabbin makiro (sunayen da ake ayyanawa da #define) na C23, ƙa'idar harshen shirye-shirye na C, za su magance matsalar.

Tushen matsalar dai shi ne double (nau'in lamba mai ɗigo) ɗin Uno bit 32 ne, daidai da float, na kwamfuta kuwa 64. Float yana riƙe lambobi 6 zuwa 7 ne kacal. Da zarar jimilla ta kai 16,777,216, ko ka ƙara 1 ba za ta motsa ba.

Tsohuwar hanya ita ce ka tambayi kampaila, wato manhajar da ke fassara kod zuwa harshen na'ura, abin da yake da shi. Ka shigo da float.h, ka rubuta #if DBL_MANT_DIG < 53 (DBL_MANT_DIG shi ne yawan bit na daidaiton double), ka bi shi da #error. Uno zai ba da 24, haɗin ya tsaya nan take, kuskuren ya fito fili tun kafin na'ura ta isa hannun kwastoma. Kusan kowane kampaila na C ya san wannan.

Sabuwar hanya ta fito ne daga takardar ƙa'ida ta TS 18661-3 ta 2015, sannan ta shiga C23. A nan kai ne ke ambaton faɗin da kake so: _Float32, _Float64, _Float128. Sharaɗinta shi ne ka ayyana __STDC_WANT_IEC_60559_TYPES_EXT__ kafin #include na farko. Wurin nan mutane ke yawan tuntuɓe: in wani fayil ya riga ya jawo math.h da float.h, sqrtf64 da FLT64_MANT_DIG ba za su bayyana ba. Ka kuma lura _Float64 nau'i ne dabam da double ko da tsarinsu ɗaya, kuma printf ba shi da alamarsa, sai ka bi ta strfromf64. Kampailan GCC ya karɓi waɗannan nau'o'in tun siga ta 7, amma ƙa'idar ba ta wajabta wa kowane kampaila ba.

Makiro roƙo ne kawai, ba ya ƙirƙirar abin da kampailan allonka bai tanada ba. Don haka a kan Uno muna ba ka shawarar tsohuwar hanya, ka kuma tara jimillar a uint32_t (cikakkiyar lamba mai bit 32) da ma'aunin miliwat-awa. Wannan zai ɗauki kilowat-awa kusan 4,294 kafin ya cika ya koma sifili.