Gargaɗi: Takardun Filaye na Jabu da Ake Cewa na Zamanin Turawa Ne

Jama'a masu sha'awar tara kayan tarihi, a yi hattara. 'Yan damfara na tallata takardun filaye a Facebook da WhatsApp, wai na zamanin mulkin mallaka ne, su nemi kafin alƙalami kafin mutum ya riƙe takardar a hannunsa. Kada a tura ko sisi sai an gan ta ido da ido.

A fara gwada shekarar da ke jikinta da sunan wanda ya sa hannu. Gwamna Lugga ya bar Arewa a 1906, bai dawo ba sai 1912, ya tafi gaba ɗaya a 1919. Takardar 1908 da ke ɗauke da sa hannunsa ƙarya ce tsagwaronta. Haka kan sarkin da aka manna: Edward na Bakwai ya rasu a 1910, Sarauniya Elizabeth kuma sai 1952 ta hau. In hotonta ya fito a takardar 1930, magana ta ƙare. Kuɗi a lokacin fam da sule ne, naira sai 1973. Awo kuma ƙafa da eka ne.

Inda masu jabu suka fi faɗuwa shi ne lafazin takardar. Dokar filaye ta 1910 ta sanya filayen Arewa ƙarƙashin ikon Gwamna, abin da ake bayarwa shi ne shaidar izinin zama, galibi na wasu shekaru, da haya. Duk takardar da ta ce gwamnati ta sayar wa wani fili har abada a Kano ko Zariya abar tuhuma ce. In da Hausar boko aka buga ta, a duba haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ, ɗ da ƙ. Sai bayan 1930 aka fara amfani da su.

Sannan a juya bayanta, a shafa da yatsa. Tafireta tana lotsa takarda, musamman wurin aya, firinta kuwa ba ta barin gurbi. Tsohuwar tawada takan koma ruwan ƙasa har ta ɗan ɓullo ta baya. Biro bai shiga kasuwa ba sai wajen 1945. Masu jabu kan jiƙa sabuwar takarda a ruwan shayi, shi ya sa launinta kan zama bai ɗaya, alhali ta gaske gefuna da wurin ninki ne suka fi dafewa. A haska ta da fitilar tantance kuɗin jabu: takardar zamani ce ke ƙyalli shuɗi.

Mafi muni shi ne masu cewa wanda ya sayi takardar ya sami haƙƙi a filin. Wallahi ba haka ba ne. Dokar filaye ta 1978 ta ce sauya mallaka sai da amincewar gwamna. Kuma ko takardar ta gaske ce, a tambayi yadda ta fito, domin wasu daga hannun magada aka sace su. A ɗauki hoton gaba da baya, a nuna wa masana a Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa ko Arewa House da ke Kaduna kafin a fara ciniki.